Buhun Guntayen Waya da Kujerar Gwaji

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Aikin Wayar Lantarki.

Daga: Baba Mai Buhu, dattijon ƙungiya.

Kwanan wata: Litinin, 6 ga Mayu.

Game da: Ɗauke ni daga kujerar gwajin waya da ba ƙanena ita ba da sanina ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina kawo kukana gabanka a rubuce, domin da baki na ga alamar ba a ji.

1. Kowa ya sani tun kafuwar ƙungiya ba a yaye mai koyon aiki sai ya zo gabana. Zai sa hannu cikin buhuna ba tare da leƙawa ba, ya zaro guntun waya, ya faɗi irinta da girmanta: mai milimita ɗaya da rabi ta fitila ce, biyu da rabi ta soket, shida ta murhun girki na lantarki, ko mai sulke ta binnewa a ƙasa. Sai ya fere, ya kankare da wuƙa, ya gane jan ƙarfe ne ko alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe. A cikin buhun har da mai kaurin roba da siririn ciki, wadda ta kayar da masu rawar kai da yawa.

2. Ranar 11 ga Maris aka yi mini aikin ido. Na ba ƙanena ajiyar buhun. Ajiya na ce, Ranka ya daɗe, ban ce gado ba. Ban mutu ba.

3. Ranar 22 ga Afrilu na dawo zauren ƙungiya, da idon da aka wanke mini na ga abin da aka yi. An zazzage buhun, an datse guntayena daidai da juna kamar haƙoran mataji, an kafe su a kan allo, an rubuta girman kowace a ƙasanta. A sama kuma an rubuta “Baba Mai Allo” da jan fenti, wai sabon sunan ƙanena ke nan. Buhun nawa na same shi a bakin ƙofa, ana goge takalmi da shi.

4. Ban ce akwai kuskure a allon ba. Na tsaya na bi shi waya bayan waya ina nema, ban samu ba. To ina ƙanena zai yi kuskure, alhali ni na riƙe masa hannu ya fere wayarsa ta farko, ya yanke a yatsa, na ɗaure masa?

5. Yanzu an ce shi zai yi gwajin ranar 25 ga wannan wata. Masu koyo sun koma gaishe shi har ƙasa, ni kuwa daga nesa ake ɗaga mini hannu. Kai kanka an ce ka tafa masa. Shekarun da na yi a kujerar nan ban taɓa jin tafi ba, kuma ban nema ba. Ba hassada nake yi ba, ɗan uwana ne ciki ɗaya. Sai dai a cikin rufin gida babu allo. Duhu ne da ƙura da waya wadda rubutunta ya goge, yatsa ke karatu a can.

Ina da maganganun manya da yawa a kan irin wannan, na haɗiye su saboda girman ofishinka.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a ciro guntayena a mayar cikin buhu, a mayar mini da gwajin. In allon ya riga ya shiga ranku, a bar shi, amma a rubuta sunan mai wayoyin a saman na mai kafa ƙusa.

Ranar 25 zan zo da kujerata kamar kullum, in Allah ya kai mu. Ina roƙon a sanar da ni tun da wuri inda zan ajiye ta: a gaban teburi, ko a bayan ƙanena.

Allah ya ƙara maka adalci.

Naka mai biyayya,
Baba Mai Buhu