Asabar Ɗin da Na Zagaye Ledwick

Ledwick, Talata.

Zuwa ga 'yata Gillian,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Yau na tashi da ɗan tari, gwiwar hagu kuma tana nan da halinta, amma na karya kumallo, na kuma yi aski da hannuna.

Na ga maganar ɗakin da kika samo mini a gidan tsofaffi. Faɗuwa ɗaya a kan matakala ba ta isa a tsige mutum daga garin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gwanjon shanu ba. Ga sharaɗina. Ki zo ran Asabar, ranar kasuwa, mu zagaya gari kamar yadda muke yi da marigayiya mahaifiyarki duk kaka: daga rumfar kasuwa zuwa kara, inda ake cinikin shanu, mu gangara gada, mu hawo ta bayan coci. In na kasa, ki ɗaure mini kayana, ba zan ce uffan ba. In na gama, a bar ni a gidana.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Ambrose Tudge.

*

Birmingham, Alhamis.

Baba,

Ina gaisuwa. Kai dai ba ka canzawa! Likita cewa ya yi ka riƙa hutawa, kai kuma ka ji "ka hau tudun coci". To na yarda, don na san ko ban yarda ba yi za ka yi. Zan biyo bas ɗin safe. Ka sa babbar rigar sanyi, ka ɗauki sandarka, kada ka ce ka manta da ita. Wallahi ba don na gaji da kai ba ne, Baba. Barci ne ba na iya yi in na tuna kai kaɗai ne a gidan nan.

Taka, Gillian.

*

Ledwick, Asabar da yamma.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafafuna suna cikin ruwan ɗumi nake rubuto miki.

Bas ya zo, na duba masu sauka ɗaya bayan ɗaya, ba ke. Na ce to, alkawari da gari na yi shi, ba da bas ba. Na gyara hula na kama hanya.

Da kin ga garin. Ganyen itatuwan bakin kasuwa ya yi jawur, yana zuba a kan tebura, ko'ina ƙamshin tuffa. Ban yi nisa ba Olwen Probert mai cuku ta hango ni. Ta ce, "Ikon Allah, tsoho, ashe ba a binne ka ba?" Na ce, "Ina jira in ga ranar da sikelinki zai faɗi gaskiya." Ta tura mini kujera ta ce in zauna in ɗanɗana mata sabon cuku, wai harshenta ya mutu. Na ɗanɗana, na ce gishiri ya yi yawa.

A kara, Idwal mahauci ya tare ni, wai suna gardama da ɗansa kan nauyin wani bijimi. Suka ɗora ni a kan damin ciyawa, na ƙare wa bijimin kallo na faɗa musu. Idwal ya ce, "Ka ji ko, sakarai? Idon Malam Tudge ya fi littafinka." Wani manomi ya roƙe ni in buɗe gwanjo ko sau ɗaya, irin na da. Na buɗe murya, Gillian, har tantabaru suka watse daga kan rufi.

Gangaren gada bai ba ni wuya ba. Tudun coci ne ya so ya kunyata ni. A tsakiyarsa numfashina ya tsaya a wuya, na riƙe katanga. Sai ga Cledwyn mai gyaran takalma, wai shi ma can za shi, gwiwarsa kuma tana damunsa, ko zan ba shi hannu? Na ba shi. Haka muka hau, yana ta ƙorafin tsadar fata. Na tsaya wurin kabarin mahaifiyarki na share mata ganye, sannan na gangaro rumfa ana kwashe kaya.

Na gama zagayen. Allah ya sa lafiya ce ta hana ki.

Mahaifinki.

*

Birmingham, Litinin.

Baba,

Ka yafe mini. Ƙaramin ne ya kwana da zazzaɓi, ba wanda zan bar wa shi. Ya ji sauƙi yanzu.

Na buga wa Olwen waya. Da farko rantsuwa ta yi ta yi wai da gudu ka wuce ta. Da na matsa mata sai ta yi dariya ta ce tun ran Juma'a ita da su Idwal suka raba hanyar tsakaninsu, kowa da inda zai zaunar da kai. Cledwyn kuwa lafiyar gwiwarsa ƙalau. Baba, wannan ba shi ne sharaɗin ba. Ɗakin yana nan har ƙarshen wata. Zan zo ran Lahadi mu zauna mu yi magana.

Taka, Gillian.

*

Ledwick, Lahadi.

'Yata,

Na gode Allah da yaron ya warke. Tarin nawa ya ɗan ƙaru.

Tsufa na yi, ban makance ba. Cledwyn ba shi da abin yi a tudun coci ran kasuwa, shago a buɗe. Na sani tun yana buɗe baki. Ki tambayi masu gidan can ko akwai wanda zai bar cinikinsa ya yi ƙaryar ciwon gwiwa don kada in ji kunya. In babu, su ba wani ɗakin. Ni ina da gari.

Na dafa shayi, na yanka cukun Olwen, na fito miki da kofin mahaifiyarki. Bas ɗin yamma ya wuce ɗazu, ban ga kin sauka ba.

Ki gaida yara.
Mahaifinki, Ambrose Tudge.