Dutsen Gindin Kanya

Suleja, 6 Maris 1993

Malam Elisha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Takum da suka ƙwace mana kai.

Ranar Asabar da ta wuce na kai ɗalibanmu 'yan kulob ɗin tsintar duwatsu garin Maje. Tun da aka ƙirƙiro jiharku ka tattara ka koma, ni kaɗai nake jan su. Sun tsinto fararen duwatsun nan masu kamar gilashi har aljifansu na yagewa, amma dutsen adon nan, aƙiƙ, ko ɗaya. Da kai ne, da ka tsuguna a bakin rafi ka lashi dutse don ka ga launinsa, yara na ta dariya. Na yi kewarka, ba zan ɓoye ba.

Dokarka tana nan: dutsen farko da mutum ya tsinta ba a tafiya da shi, binnewa ake, don mutum ya sami dalilin dawowa. Jan aƙiƙ ɗinka yana gindin kanya, a filin da ka binne shi. To, an kafa turaku a filin, gidajen ma'aikatan Abuja za a gina. Kafin damina katafila za ta shiga. Ka zo ka tone abinka.

Taka,
Debora

Takum, 2 Afrilu 1993

Malama Debora,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta same ni lafiya. Nan ba kulob, duwatsu kuwa ba mai kallonsu sai awaki. Kullum na ga ƙyalli a ƙasa sai na juya in nuna miki.

Zuwa zai yi wuya, hanya da nisa, aiki ya yi yawa. Idan ba damuwa, ki tone shi ki aiko mini ta gidan waya.

Ki gaida Baba.

Naki,
Elisha

Suleja, 30 Afrilu 1993

Malam Elisha,

Gaisuwa kaɗan, don raina a ɓace yake. Gidan waya! Kai ka kafa dokar, kai za ka fara karya ta? Shekara biyu ina wuce kanyar nan ina cewa ai dole ya dawo.

An sare ta jiya. Na riga su da kwana ɗaya, na tone da hannuna. Yana nan ja wur, da zanensa fari-fari. Ban sa shi a ambulan ba. Na sake binne shi a gindin gwaibar tsakar gidanmu, daidai inda Baba ke ajiye kujerarsa. Mai so ya zo ya durƙusa ya roƙi Baba ya matsa.

Ka huta lafiya.
Debora

Takum, 19 Mayu 1993

Debora,

Ina gaisuwa. Ki ce wa Baba kada ya ɗaga kujerar. Ina nan tafe ƙarshen wata, ni da kawunnaina biyu.

Elisha