Fuskata Ta Fito a Fastar 'Yar Adawa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Babana ya yi shekara goma sha huɗu yana tuƙa wani babban ɗan siyasa, wanda a gidanmu ba a kama sunansa, sai dai a ce Maigida. Hotonsu tare yana rataye a falo, ya fi na Mama girma. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha labarin ranar da taya ta fashe, Maigida ya naɗe hannun riga ya taya Baba kwancewa. Ni ma da alfaharin nan na tashi, har dambe na taɓa yi a makaranta a kansa.

To, wata uku ke nan ina aikin kwamfuta a ofishin matar da ke takara da Maigida. A gida na ce kamfanin buga takardu ne. Kuma Anti, wallahi matar nan ta burge ni. Tana sauraren mutane, ko mai shara ta san sunan 'ya'yansa. Jiya aka kawo sababbin fastoci, sai ga ni tsaye a bayanta, baki har kunne! Asabar za a manna su, har da bangon da ke kallon bencin da Baba yake hira da abokansa. Yaya zan yi?

'Yar Direba

'Yata, kin ba ni dariya, amma na ji damuwarki. Ki riga fastar nan isa wurin Baba. Ki same shi kafin Asabar, shi kaɗai, bayan ya ci ya ƙoshi. Ki fara da neman gafara kan ƙaryar da kika yi, domin ita za ta fi yi masa ciwo, sannan kunyar abokai.

Kada ki kushe Maigida ko da wasa. Baba yana ƙaunarsa ne saboda ya mutunta shi, ke ma abin da ya ja ki wurin taki gwanar ke nan. Ki faɗa masa haka. Amma ki so ta da hankalinki: bayan zaɓe manyan sukan shirya, su bar magoya baya da gaba.

Zai yi fushi na kwana biyu, ki bar shi ya huce, ki ci gaba da gaishe shi kullum. Ƙuri'a taki ce, aiki naki ne, uba kuma ɗaya gare ki. Allah ya sanyaya masa zuciya, ya ba ki sa'a.