Littafin da Na Zaɓa wa Rabi

Asabar da dare, Nuwamba 1996

Shekara biyu ina sayar wa 'yan Meziko, 'yan ci-rani irina, tsofaffin littattafan Sifaniyanci a kasuwar gwanjo, ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Bango kawai nake dubawa, in rantse labari ne mai ratsa zuciya, su kuma su saya.

Da matata Rabi ta shiga ajin Sifaniyanci, ni na zaɓo mata wani siririn littafin wasan kwaikwayo, na ce babu kamarsa. Yau na dawo daga ɗaya aikin nawa a wani sito da ke Wendover ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai ta ajiye littafin kusa da tuwona.

"Baban Amina, na gama. Shi ma mijin da ke ciki aiki biyu yake yi, matarsa ba ta ganinsa sai Lahadi."

Na yi dariya, na ce to yaya suka ƙare?

"Kai da ka ce babu kamarsa?"

Ta tafi wanke-wanke tana 'yar waƙa.

Ba na jin yaren, amma ina gane sunayen masu magana a gefen shafi. Na duba shafuka uku na ƙarshe. Mijin ne kaɗai yake magana.