Abin da Na Samu a Bayan Busol

Litinin, 4 ga Mayu 1964

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Almu. Na zauna kan tabarma tun safe, na amsa gaisuwa, na ce amin inda ake cewa amin. Mutane suna ta kallon fuskata suna jiran wani abu, ni kuwa ba ni da abin ba su. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa kwance inji tun kafin ya tafi Yamai koyon tuƙin jirgi. Amma in na laluba cikina ba na jin komai sai zafin gari.

Bayan addu'a Elhaji Abarci ya ja ni gefe. Ƙaramin jirginsa da Almu ke tuƙa masa na nan a rumfa, lafiya lau, in ban da fukafukan da muka kwance don kamyo, babbar motar kaya, ya jawo shi daga daji. Ya ce, "Sha'ibu, allon nan na gaban matuƙi, a hidda shi duka. A sa mini sabo, da rediyo, da duk abin da ka hana mutum ɓacewa. Ba ni son in koma jin irin wanga labari." Na ce to.

Talata, 5 ga Mayu

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Almu ya kai Elhaji garin Tawa cinikin shanu, sun bi saman hanyar mota har can. Ya juyo shi kaɗai, ya yanke kai tsaye da busol, allurar da ke nuna arewa. Bai sauka nan Dakoro ba. Ya wuce ta arewa da Bader Goula, isansi, man jirgin, ya ƙare, ya sauke jirgin a kan rairayi ko ƙwarzane babu. Ya taka da ƙafa neman rijiya. Kwana huɗu bayan haka wasu Fulani makiyaya suka same shi.

Shi ke nan. Na rubuta.

Alhamis, 7 ga Mayu

Awon allo: faɗi santimita casa'in da biyu, tsawo ashirin da takwas a tsakiya. Na yanka kwali daidai da shi. Manyan ramuka huɗu, ƙanana biyar. Ma'aunin gudu da na tsawo a hagu, gaban idon matuƙi. Rediyo a tsakiya inda hannun dama zai kai. Elhaji yana son wata na'ura da ya gani a littafin kaya na Faransa, mai allurar da ke nuna inda tashar rediyo take. Tana da nauyi, tana shan wuta, ban san ko batir zai ɗauka ba. Shi dai hotonta ne ya burge shi, yana ta shafa takardar kamar wuyan raƙumi.

Matata Zinariya ta ce kwana uku tana kawo mini tuwo ina mayar mata da shi. Ban lura ba.

Asabar, 9 ga Mayu

A bakin tasha na ji wani yana cewa, "Ai dama baƙin mutum da jirgin sama, sai a hankali. Ya bar wa Nasara abinsu mana." Da ya gan ni ya canza magana. Ya kamata in ji haushi. Na sayi goro na wuce.

Litinin, 11 ga Mayu

Takarda ta zo daga Yamai. Wani Mushe Kimba, wato Malam Kimba a faɗar Faransa, mai binciken haɗarin jirage, zai zo ranar ashirin ya rufe maganar. Ya aiko da abin da ya riga ya rubuta don mu duba: inji lafiya, iska lafiya, matuƙi sabon hannu ne, ya kasa riƙe hanya. Layi huɗu. Shekara uku Almu ya yi yana karatun nan.

Laraba, 13 ga Mayu

Kafin in kwance tsohon allo na ce bari in gwada busol, in ga ko zai yi amfani a sabon. Muka tura jirgin tsakiyar fili ni da Intalla mai gadi, nesa da kowane ƙarfe. Akwai duwatsu huɗu da na kafa tun bara, daidai arewa, kudu, gabas, yamma. Na sa hancin jirgin ya dubi dutsen gabas.

Allurar ta kauce. Digiri ashirin da biyar.

Na sauko na sake daidaitawa, na hau. Ashirin da biyar. Ni na gwada busol ɗin nan da hannuna mako ɗaya kafin tafiyar, daidai yake. Duk wanda ya taso daga Tawa ya yarda da wannan allura, arewa da Bader zai faɗa, ko wane ne shi, ko Nasara ne.

Intalla ya ce, "Lahiya, Malam Sha'ibu?" Na ce lafiya.

Alhamis, 14 ga Mayu

Na kwance allon. A bayansa, ƙarƙashin busol, akwai wani ɗan lungu da hannu ke shiga ta ƙasa. Nan na sami ƙunshin jar fata, ɗinkakke, bai kai tafin hannu ba. Kamar laya. Na fitar da shi, allurar ta koma daidai a gaban idona. Na matso da shi, ta bi shi.

Na warware ɗinkin. Takarda mai rubutu, a cikinta kuma ƴar wuƙa da aka cire wa ƙota. Na san ta. Bakinta yana da tsaga kusa da tsini. Ita ce Umma take sa wa jariri a ƙarƙashin matashi saboda iskoki, na gan ta ƙarƙashin kan Almu yana ɗan kwana uku.

Almu ya san ba a kai ƙarfe kusa da busol, ya sani sarai. Ya ɗauka takarda ce kawai a ciki.

Na sa ta a aljihu. Na ci gaba da kwance wayoyi har la'asar, ina ɗaura wa kowace alama.

Juma'a, 15 ga Mayu

Ban yi aiki ba. Zafi.

Lahadi, 17 ga Mayu

Na je gaida Umma. Tana zaune tana tsince wake, ta rame. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta fara. Ta ce abu guda ke sanyaya mata rai, shi ne bai tafi hannu wofi ba. "Ranar da za shi tahi na kira shi, na ba shi wuƙar jegonku, na ɗinke ta cikin hwata. Na ce mishi sama ba wurin mutane ba ne, shi aje ta gabanshi inda idonshi ka kallo. Ya yi dariya, amma ya amsa. Shi ya sa jirgin bai hwaɗi da shi ba. Ya sauka lahiya, kwana ne ya ƙare."

Wuƙar tana aljihuna tana dukan cinyata. Na ce, "Haka ne, Umma." Ta ba ni wake a ƙwarya in kai wa Zinariya.

Litinin, 18 ga Mayu

Na zana allon a takarda mai kyau. Busol zai hau can sama, bakin gilashi, shi kaɗai, nesa da wayar rediyo da taƙi biyu. Na'urar Elhaji za ta shiga in aka sauya batir. Bayan allon kuma zan rufe shi ruf da farantin alminiyam, da ƙusoshin murɗawa, bis takwas, kada a bar lungun da ko yatsa zai shiga.

Hanya biyu ce, na auna su kamar yadda nake auna ramuka. In na yi shiru, takardar Yamai ta zauna yadda take, Almu ya zama yaron da bai iya ba, har abada, kuma duk ɗan garin nan da ya ce zai tuƙa jirgi a tuna masa. In na ajiye wuƙar gaban Mushe Kimba, kafin magariba labari ya kai wa Umma, Dakoro ba ta riƙe magana. Ba za ta ga damina ba.

Ina rubuta wannan kamar lissafin wani.

Talata, 19 ga Mayu

Na gaya wa Zinariya duka, da abin da na yanke, cewa zan ɗora laifin a kaina. Ta ajiye muciya ta dube ni. "Kai kuma hwa? Aikinka? Kuma Umma ta zamna tana kallonka a matsayin mi?" Na ce Umma tana iya rayuwa da wannan, wancan ne ba ta iyawa. Ta yi kuka. Na tsaya ina kallonta har ta gama, ina jin kunyar yadda ni ban iya ba.

Da rana na ɗauki ƙaramin turnabis ɗina na kwance bis, mai jar ƙota, na goga shi da maganaɗisun tsohon inji har ya fara ɗaukar bis. Na gwada shi a lungun. Digiri ashirin da uku. Ya isa.

Laraba, 20 ga Mayu

Mushe Kimba ya zo da motar gwamnati. Bazabarme ne, dogo, mai tabarau, Hausarsa a karye amma ba ya wasa. Na nuna masa a fili: da turnabis a lungu, babu turnabis a lungu. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce wa ya bar shi a can. Na ce ni, ranar da na ɗaure wayar fitila, na manta.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce ya ga akwatin kayana, kowane ƙarfe da gurbinsa, mutum irin wannan ba ya manta turnabis. Na ce ranar na manta. Ya ce na san za a karɓe takardar aikina? Na ce na sani.

Ya soke layinsa huɗu a gabana. Ya rubuta cewa matuƙi ya bi busol daidai yadda aka koya masa, kuma saukar da ya yi a rairayi ba isansi aikin gwani ce. Na roƙe shi ya karanta mini wurin sau biyu.

Daga baya Elhaji ya zo rumfa. Ya karɓi zanen allon, ya ce zai nemo makaniki daga Maraɗi ya ɗaura.

Asabar, 23 ga Mayu

Gari ya ɗauka. Yanzu Almu gwani ne, har masu cewa dama sun sani. Ni kuwa in na shigo ana rage murya. Ba ya damuna.

Umma ba ta aiko ba. Ban je ba.

Talata, 26 ga Mayu

Na jefa wuƙar a tsohuwar rijiyar bayan fili. Ban ji ƙarar faɗuwarta ba.

Alhamis, 28 ga Mayu

Makanikin Maraɗi ya aiko a ƙara masa awon ramukan bis, na zauna a zaure ina sake zanawa da hantsi. Sai ga Umma, da sandarta, ita kaɗai, ta tako tun daga unguwarsu cikin wannan rana.

Ni ɗan fari ne. Shekara talatin da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "kai" ne ko "wancan", kuma ba ta taɓa dafa ni gaban mutane ba. Ta tsaya a kaina. Na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da za ta faɗa, na shirya masa.

Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Sha'ibu. Kuskure ne, ɗana. Na yahe maka, shi ma ya yahe. Kai kaɗai ka rage mini, ka ci abinci."

Na ce to, Umma.

Ta tafi. Zanen ya ɓaci, tawadar ta narke a wuri uku, sai na sake wani gobe. Na ce wa Zinariya ko da sauran tuwon jiya.