Warin Mai a Motar Nu'uman

Sara, Gwaram
3 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kausar da yara. Ni dai ga ni nan. Ƙafa ta ƙi, kunne ya ƙi, shi ya sa nake rubutu, don ba na jin abin da ake faɗa a waya.

An aiko daga Kiyako cewa jikin yayata Dada ya yi tsanani, ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma ka san shekara tara ba mu yi magana ba, tun rabon gonar fadama. Ni ne mai laifi. Ina so in durƙusa a gabanta in nemi gafara tun tana ji. Ba zan iya hawa babur ba, motar haya kuwa ba ta tsaya wa tsoho sau biyar a hanya. Ka zo ka kai ni. Yini ɗaya ne kawai.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka,
Badaru

Birnin Kudu
6 ga Mayu

Baba,

Bayan gaisuwa. Na ga takarda, Allah ya ba Dada lafiya. Mota ba za ta yi tafiya ba. Warin fetur take yi, ko mu da ƙyar muke zama a ciki, balle mai ciwon ƙirji. A bari sai an duba.

Nu'uman

Sara
7 ga Mayu

Ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku duka. Wallahi takardarka ta tayar mini da hankali. Kada ka sake ɗaukar yara a cikinta, kada kowa ya ƙyasta ashana kusa da ita.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran motocin hukuma, ban taɓa ganin warin mai da ya gagara ba. Fara da murfin tanki, robarsa takan bushe ta tsage. In lafiya yake, ka ajiye motar a kan busasshen rairayi, da safe ka ja ta baya ka duba inda ƙasa ta yi duhu. Ka ɗebi ƙasar ka sansana, don ruwa ma yana ɗiga. Sannan ka ɗaga bonet, ka tayar da inji, ka bi tiyon mai da farin ƙyalle tun daga famfon mai. Kada ka yarda da ido, fetur yana bushewa kafin a gan shi. Hanci ake bi. Inda warin ya fi ƙarfi, nan ciwon yake.

Na rubuta wa Safiyanu bakanike, wanda ya koyi aiki a hannuna, ya zo ya taimaka maka. An ce Dada ta fara rikita sunayen mutane. A hanzarta.

Mahaifinka,
Badaru

Garejin Safiyanu, Birnin Kudu
9 ga Mayu

Zuwa ga maigidana Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Malam, na je. Murfi lafiya, tiyo lafiya, tanki ko gumi ba ya yi, rairayi a bushe. Amma warin gaskiya ne. Sai na rufe gilasai na bi hanci kamar yadda ka koya mana, ya kai ni kujerar baya, ɓangaren hagu. Na danna soson, mai ya fito mini a yatsa.

Na ce, “Wa ya ɗauko jarka a nan?”

Hajiya Kausar tana tsaye a bakin zaure, ta ce, “Ba jarka ba ce, ni na zuba. Kwalba biyu.”

Na ce, “Hajiya, a kushin? So kike ki babbake maigidan?”

Ta ce, “To da me zan kashe zarni, Safiyanu? Tun ranar da aka kai tsohon nan asibiti ya jiƙa wurin. Na sa sabulu, na sa turare, a banza. Gara warin mai, shi ko ba komai ba ya sa mutum kunya a gaban ƙawaye.”

Nu'uman yana wurin, yana latsa waya.

Na so in ɓoye, amma kai ka ce bakanike ba ya yi wa mai aiki ƙarya. Gyaran ba wuya. A ciro kujerar, a wanke, a shanya a rana kwana biyu. Na ce zan yi, Nu'uman ya ce zai neme ni. Da ina da mota da na zo da kaina. Ka yafe ni, Malam.

Naka mai biyayya,
Safiyanu

Sara
10 ga Mayu

Nu'uman,

Assalamu alaikum. Na ji inda warin yake.

Na ɗauka ba wanda ya lura ran nan. Na roƙe ka ka tsaya a hanya sau biyu, ka ce mun makara, na ji nauyin in faɗa na uku. Ba laifinka ba ne. Ka ba Kausar haƙuri a madadina.

Ba sai an jira kujera ta bushe ba. Ƙusa biyu ke riƙe da ita, a ciro ta a bar ta a gida. Ni zan zauna a ƙasan motar. Na sa an sayo mini babbar leda a kasuwa, irin ta rufe hatsi, na yanka ta daidai, ga kuma tsohon buhu. Ba zan sha ruwa ba tun daga daren jajibirin tafiyar, na gwada jiya kuma na iya. Ba sai ka shiga da ni ba, ka sauke ni a ƙofar gida, zan rarrafa.

Kullum ina zaune a zaure da rigata tun hantsi. Kowace rana ka zo, a shirye nake.

Mahaifinka,
Badaru

Birnin Kudu
16 ga Mayu

Baba,

Bayan gaisuwa. Sai haƙuri, Dada ta rasu ranar Talata da azahar, an rufe ta da la'asar. Allah ya ji ƙanta.

An gyara mota, sabon kushin aka sa. Da ita muka je dubiya ranar Litinin, ni da Kausar da mamanta. Sara ta yi baya, ba mu samu biyowa ba. Dada ta gane ni. Ta riƙe hannuna tana tambaya ko Badaru ya ƙi zuwa ne. Na ga jama'a suna kallona, sai na ce mata an faɗa maka, ka ce kana da uzuri. Ta ce to.

Zaman makoki ya ƙare jiya, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Nu'uman