Mata Talatin da Takwas na Sashen Fenti

Tokyo, 3 ga Afrilu

Shiraishi-san,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin bana bai taɓa miki gwiwa ba. Kamfaninmu na fina-finan katun zai cika shekara hamsin, za mu buga littafin tarihinsa. Ga kwafin gwaji nan. An ce ledojin zane na fim ɗinmu na farko, wato fallayen leda da aka zana hotunan fim ɗin a kansu, suna hannunki. Ki taimaka ki dawo mana da su.

Ki huta lafiya.
Onodera, Shugaban Kamfani

Sendai, 11 ga Afrilu

Onodera-kun,

Ina amsawa. Su Shugaba manya! Na san ka tun kana zana kare ya fito kamar alade.

Gwiwa lafiya lau, idanu ne fentinku ya cinye. Duk da haka na karanta littafin kaf. Shafi ɗari uku: wane ya sayi kamfani, wane ya sayar, har da hoton motar shugaba na farko. Mu mata talatin da takwas da muka shafa wa fim ɗin launi, leda bayan leda, kalma biyu muka samu: "sashen fenti". Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka manta shekarar da kamfani ya yi ƙaura, da kuka zubar da ledojin a bola? Ni da abokiyar aikina marigayiya Hatsue muka kwaso su a keke, sawu tara. Ku buga sunayenmu, in ba ku. In ba haka ba, ko ɗaya.

Ka gaida matarka Michiyo-san.
Shiraishi Tokie

Tokyo, 20 ga Afrilu

Shiraishi-san,

Gaisuwa da ban girma. Na yi iya ƙoƙarina. Sababbin masu kamfani sun ce ku 'yan jinga ne, babu ku a rajistar ma'aikata, ledojin kuma dukiyar kamfani ce. Lauyoyinsu za su maka duk wanda ke riƙe da su a kotu. Ina roƙonki, ki sassauta. Shekarunki sun wuce zaryar kotu.

Naki,
Onodera

Sendai, 2 ga Mayu

Onodera-kun,

Gaisuwa. Ka makara. Na san hannun kowace mace a fenti, don haka na aika wa kowacce ledojinta, waɗanda suka rasu kuma na aika wa 'ya'yansu. Nawa suna nan.

Ga adireshi talatin da takwas, na sauƙaƙa wa lauyoyinku aiki. Su rubuta sammaci ɗaya bayan ɗaya, da cikakken suna, da hatimin kamfani. Su fara da ni.

Ka huta lafiya.
Tokie